Widad a Takardar Haraji

Tunis, 4 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Mbarka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da gwiwar taki, da Widad, da duk mutanen unguwar Jara. Mu nan lafiya lau, sai tsadar birni da hawan jinin nan da likita ya ce in daina sa damuwa a raina saboda shi. Najwa da yara suna gaishe ki.

Ke 'yar baffana ce, kuma yayar marigayiya Dalanda, uwar Widad, saboda haka ba sai na yi miki dogon bayani ba. Lokacin takardun nan biyu ya zo. Ta farko, shaidar jami'a cewa Widad ta yi rajistar bana. Ta biyu, shaidar ofishin ɗalibai cewa ba ta karɓar tallafin karatu daga gwamnati. Kin san doka: uban da ke da ɗa a jami'a, in dai ɗan ba ya cin tallafi, ana rage masa haraji. Mai lissafin albashinmu a kamfanin inshora ba ya karɓar magana da baki, sai ya ga takarda.

Ina roƙo a kula da su bana. Na bara sun iso a nannaɗe, ɗaya har da tabon man yajin harisa a gefe, sai da na ji kunyar miƙa ta. A sa su a ambulan mai tsabta a ba Si Ammar direban motar haya, ba ya karɓar komai a hannuna tunda ɗan garinmu ne, ba sai an yi asarar kan sarki ba. In da hali a haɗo mini da ɗan garin lalo, na kasuwar Tunis rabinsa ƙura ce.

Ki gaya wa Widad ta dage da karatun jinyar nan, aiki ne mai lada. Ina alfahari da ita.

Ƙaninki,
Lazhar

Gabes, 11 ga Satumba

Lazhar,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu ƙalau. Gwiwa tana nan inda ka bar ta, ba ta warke ba, ba ta kuma kashe ni ba. Allah ya sauƙaƙe hawan jinin, ko da yake na rasa abin da ke hawar da jinin mutumin da bai taɓa ɗaukar nauyin ko kaza ba.

Wasiƙarka ta iso a kan kari. Kai dai ba ka taɓa mantawa da mu: da ruman ya fara ja a lambu nakan ce wa Widad ta share ƙofar gida, wasiƙar ubanta na hanya. Yarinyar da kake alfahari da ita ba jinya take karanta ba, haɗa magunguna take karantawa, a Monastir, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe. Na rubuta maka da manyan baƙaƙe don kada ka sake kunyata kanka in abokan aikinka sun tambaye ka.

To, bana babu takarda. Saurara ka ji dalili.

Haƙƙinta na zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya ƙare tun tuni, ɗaki take haya da wasu 'yan mata. Nuri ɗana ne ke biya daga Libiya, ni kuma ina cike abinci da littattafai da cinikin lalle da lalo. Nuri ya dawo da azumi hannu rabbana, maigidan nasa ya rufe shago ya gudu. Lallen bana kuma gishirin rijiya ya cinye shi. Na duba ko'ina, kuɗin hayar shekara guda babu shi a gidan nan, ko an kife gidan an girgiza.

Sai na ja gwiwata na tafi ofishin ɗalibai na nan Gabes. Na sami wata yarinya a bayan tebur, na ce mata, "'Yata, shekara biyar kuna hana yarinyar nan tallafi, me ta yi muku?" Ta buɗe fayil ta ce, "Haba Hajiya, ai wannan 'yar mai hali ce. Dubi albashin ubanta." Na ce, "Juyo mini in gani, kin fi ni sa'a, ni ban taɓa ganin ko inuwarsa ba." Ta yi dariya, da ta ga ba wasa nake ba ta haɗiye dariyar. Ta ce, "To wa ke ciyar da ita?" Na nuna mata tafin hannuna, na ce, "Ga shi nan, lalle ya rina shi."

A nan na gane abin da na daɗe ban gane ba. Saboda albashinka ake hana ta tallafi. Saboda an hana ta tallafi ake rage maka haraji. Mu kuma kowace shekara mu bi layi a rana mu karɓo maka shaidar cewa an hana ta, mu haɗa da garin lalo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yarinyar ofishin ta nuna mini mafita. Ka rubuta a takarda cewa Widad ba ta ƙarƙashin kulawarka, ba kai ke ɗaukar nauyinta ba. Ka kai baladiya, ofishin hukumar gari, su buga wa sa hannunka tambari, ka aiko. Da wannan za su bar duba albashinka su duba cinikina, kuma wanda ya duba cinikina sai ya ba ta tallafi har ya ƙara da sadaka. Ƙarshen Oktoba suke rufe karɓa, kuma a reshensu na Monastir ake miƙawa.

Hanya biyu ce gabanka. Ko ka biya hayar shekarar nan kamar uba, ko ka sa hannu kamar mai gaskiya. Na san aljihunka, don haka ta biyun nake jira. In ka sa hannu, ba abin da zai ƙara haɗa ka da ita a takarda, ka huta mu huta.

Babu lalo bana.

Mbarka

Tunis, 26 ga Satumba

Yaya Mbarka,

Ina gaisuwa. Ina fata jiki da sauƙi. Ni kam tun da na karanta wasiƙarki jinina bai sauka ba, Najwa har ta ɓoye ta don kada in sake karantawa, shi ya sa amsa ta yi jinkiri.

Na yafe miki baƙar magana, girmanki ne, kuma na san zaman kasuwa yana kaifafa harshe. Amma akwai abubuwan da mai awon lalle ba za ta gane ba, bari in sauko in yi miki bayani.

Kin ce ban taɓa kashe wa Widad komai ba. Wa ya gina jami'ar da take zaune a ciki? Wa ke biyan malamanta? Harajin irinmu ne, masu albashi, waɗanda ake yanka tun kuɗin bai taɓa hannunmu ba. Ku 'yan kasuwa ko milim, ɗan ƙaramin kwabon nan, ba kwa biya, ciniki kuke a ɓoye a ƙulle a bakin zane. Don haka duk kujerar da Widad ta zauna a kai, da gumina a ciki. Ɗan rangwamen da ake yi mini ba kyauta ba ce, haƙƙina ne doka ta maido mini. Ban taɓa barin wa gwamnati abin da yake nawa ba, ba kuwa zan fara da tsufana ba. Matsalarku mutanen kudu ke nan, kun saba a miƙa wa hukuma hannu, har abin ya daina ba ku kunya.

Sannan ki duba abin da kike nema. Ni Lazhar, shugaban sashe, in tsaya a layin baladiya in ce wa ɗan ƙaramin akawu 'yata ba tawa ba ce? Akawun nan surukin maƙwabcina ne. Kafin la'asar duk unguwa ta ji.

Ba ma nan gizo ke saƙa ba. Na nuna wa Si Fathi na sashen shari'a layin nan naki, inda kika ce ba abin da zai ƙara haɗa ni da ita a takarda. Ya cire tabarau ya ce, "Si Lazhar, matar nan tana da lauya?" Na ce, "Ina fa, lalle take sayarwa." Ya ce, "To wallahi ta fi lauya. Akwai gado a tsakaninku?" Sai na tuna da dabinon Dalanda na lambun Shanini, wanda nake da rabo a ciki ni da Widad. Ashe biri ya yi kama da mutum. Yau in sa hannu cewa ba ni da alaƙa da yarinya, gobe a kai wa alƙali a ce ba ni da alaƙa da lambu, Nuri da ya dawo babu aiki ya samu wurin zama. Ban zo birni jiya ba, Yaya.

Maganar haya kuwa, ɗalibi na ƙwarai ba ya rasa dabara. Ta koyar da yaran masu kuɗi da yamma. Mu da fitilar titi muka yi namu karatun.

Ga kalandar kamfaninmu na haɗo wa Widad, akwai sauran wata uku a cikinta, hotunan kuma suna da kyau. Ina jiran takardun.

Lazhar

Gabes, 2 ga Oktoba

Si Lazhar, shugaban sashe, ranka ya daɗe,

Muna lafiya. Kalanda ta iso, mun gode, na shimfiɗa ta a ƙarƙashin buhun lalle saboda danshi. A gaishe da Si Fathi, a gaya masa in ya gaji da aikin shari'a ya zo kasuwar Jara, muna neman mai duba a yashi.

Dabino! Wallahi da na karanta sai da na zauna. Yaushe rabonka da lambun Shanini? Rabin itatuwan gishiri ya kashe su tun Widad na makarantar firamare. Sauran abin da suke zubarwa ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Kowace kaka ni ke biyan mai hawa, kai kuma ni ke aika maka rabonka a kwali, kana karɓa kana cewa bai kai na bara zaƙi ba. Wannan ne gadon da na zauna nake ƙulla maka makirci a kansa? Ɗauki nawa rabon ma ka ƙara. Rubuto duk takardar da kake so, kai da mai tabarau, cewa Mbarka da ɗanta ba sa neman ko ƙwallon dabino, in dangwala mata yatsu goma.

Fitilar titi kuwa, kada ka faɗa wa wanda ya san ka. Baffa, ubana, shi ya sayar da raƙumarsa ya kai ka Tunis, kuma bai taɓa neman a rage masa komai ba don ya yi hakan.

Ka ce kana jin kunyar akawu ya ji 'yarka ba taka ba ce. Ba wanda ya ce ka rubuta ba taka ba ce. Taka ce, hancinka ne a fuskarta, Allah ya tsare ta da sauran. Cewa aka yi ka rubuta ba kai ke ciyar da ita ba. Wannan kuwa ba sirri ba ne, duk Jara ta sani. Ranar bakwai ɗin Dalanda ka kawo mini ita tana 'yar shekara huɗu, riƙe da takalmi ɗaya, ka ce, "Yaya, sati biyu kawai, in kintsa gida." Shekara ashirin ke nan kana kintsa gida. A ciki ka yi aure, ka haifi uku, ka sayi mota. Kunyarka ba ta motsa ba sai da aka zo maganar layin baladiya.

Na tambayi yarinyar ofishin nawa ne wannan rangwame da kake mutuwa a kansa. Ta lissafa mini, na ce ta sake, don na ɗauka kunnena ne. Abin da ke shiga aljihunka a shekara bai kai kuɗin ragon layya ba, Lazhar. Ko rago mai tari. A kan wannan kake so yarinya ta ajiye karatun shekara biyar saura ƙiris.

Ba na ɓoye maka, tsoro nake ji. An koma aji tun makon jiya, Widad kuwa tana nan gida, mai ɗakin ta ce in ba a biya ba za ta ba wata. Na kai awarwarona wajen maƙerin zinariya, abin da ya ba ni zai riƙe ta wata biyu, daga nan ban san komai ba. Widad ta ga wasiƙarka, ban nuna mata ba, a kan tabarma ta tsince ta. Da ta gama karantawa ta ce, "Inna, ki daina zaginsa, zagi ne ke sa shi taurin kai. Bari ni in rubuta masa." Na ce, "Rubuta, 'yar nan, wataƙila dutse yana jin muryar jininsa." Tata tana cikin ambulan ɗin nan, ban karanta ba.

Mbarka

Gabes, 2 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina fata jikinka da sauƙi. Inna ta ce hawan jini ne. Ka rage gishiri, kuma kada ka daina shan maganin don ka ji sauƙi, mutane da yawa suna yin wannan kuskuren. Ina gaishe da Anti Najwa da ƙannena.

Ban taɓa roƙonka komai ba, ba don fushi ba, don Inna ba ta bari na rasa ba. Bana ta gaza, ba laifinta ba ne. Saura mini wata tara in gama. Ni ce ta uku a ajinmu bara. In na gama zan samu aiki, ba zan zama nauyi ga kowa ba.

Ba na son lambu, ba na son kuɗinka. Takardar nan kawai. Na san ba ta da daɗin rubutawa, ni ma ba ta da daɗin karantawa a wurina, amma na yi maka alkawari ba zan riƙe ta a zuciya ba. Magana ce ta ofis. Abin da za ka rasa na haraji, zan biya ka shi daga albashina na farko, in sha Allahu.

In ka zo bikin ba da shaida a Yuli zan ji daɗi. Ana ba kowa kujera biyu.

'Yarka,
Widad

Gabes, 3 ga Nuwamba

Lazhar,

Ina fata kana raye. Mu muna nan.

Wata guda babu amsa. Da farko na ce ko wasiƙar ce ta ɓata, na tare Si Ammar a tasha. Ya ce, "Hajiya, a hannunsa na sa ta, a ƙofar ofis. Ya ɗaga ta a rana yana dubawa, ya ce, 'Ba lalo?' Na ce babu. Ya sa a aljihu ya shige." Na je gidan waya na kira ofishinku sau uku, kowane karo wata mai maƙe murya ta ce shugaban sashe yana taro. Wane irin taro ne wannan da ba a tashi, ko na kafa sabuwar gwamnati ne?

Ranar ƙarshe Widad ta bar aji ta zauna a tashar Monastir tun safe, don na gaya mata in takardar ta iso zan juyo da ita a mota ta farko. Duk motar da ta shigo daga Gabes sai ta miƙe. Da aka rufe ofishin ta kira shagon maƙwabcinmu, aka kira ni, ta ce, "Inna, ba komai, wataƙila ba shi da lafiya. Ki bincika mini." Ka ji fa. Ita ke tambayar lafiyarka.

An rufe karɓa. Hanyar sa hannu ta toshe, saura ta aljihu. Kuɗin awarwaro zai ƙare farkon Disamba. Ban iya roƙo ba, kai ma ka sani, amma ga shi ina yi: ka biya mata haya zuwa Yuni. Ka kira shi bashi, ka rubuta a duk inda kake so, ka sa mai tabarau shaida.

Mbarka

Tunis, 9 ga Janairu

Yaya Mbarka,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana. Ina fata sanyin bana bai taɓa gwiwa ba. Ni jiki ya yi sauƙi sosai, na rage gishiri kamar yadda aka ba ni shawara. Ki yi haƙuri da shirun, ƙarshen shekara a kamfanin inshora ba a ko iya sosa kai.

Albishirinki. Na yi tunani mai zurfi, na ga zumunci ya fi komai. Ga takardar da kuka nema a cikin ambulan ɗin nan, da sa hannuna da tambarin baladiya. Na je can wata unguwa inda ba a san ni ba na yi ta. Si Fathi ya taya ni tsara kalmomin yadda ba za su taɓa maganar lambu ba. Kin ga ke nan duk zagin da kika yi mini a banza ne, da kin yi haƙuri da komai ya zo a lokacinsa.

Ba zan ɓoye miki ba, mai lissafin albashinmu ne ya sauƙaƙa mini hukuncin. Yana sabunta fayil ya ce, "Si Lazhar, babbar 'yarka ai ta fita." Na ce, "Ta fita ina?" Ya ce, "Daga lissafi. Rangwamen na waɗanda ba su kai shekara ashirin da biyar ba ne, ita kuwa ta cika a Disamba." Na duba takardar haihuwarta, gaskiyarsa. Lokaci yana gudu, jiya-jiya aka haife ta. To tunda daga bana doka ba ta ƙirga mini ita, ban ga dalilin da zai sa in tsaya mata a hanya ba. Ta kai takardar ta nemi tallafin, in bana ya wuce ai akwai badi.

Abu biyu ƙanana. Na farko, takardun nan biyu na shekarar da ta wuce har yanzu ba su zo ba, kuma tunda ba ta samu tallafin ba, ba abin da zai hana a ba ta shaidar. Wannan ne karo na ƙarshe da zan dame ku da su. Na biyu, tambarin baladiya da kwafi biyu sun ci mini dinari ɗaya da rabi. Ba don yawansa ba, sai don tsari: takardar taku ce, ba tawa ba. A ba Si Ammar.

Ki gaishe da Widad. Wasiƙarta ta burge ni, rubutunta irin nawa ne.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Lazhar

Gabes, 16 ga Janairu

Lazhar,

Na ji daɗin jin ka samu lafiya. Shawarar gishirin ta ƙwararriya ce, ka riƙe ta da kyau, don ita ce kaɗai abin da za ka samu daga karatun nan.

Widad tana gida tun goma ga Disamba. Mai ɗakin ta jira mako guda, ta fitar mata da kaya. Ƙawayenta sun ɓoye ta a ɗakinsu tana kwana a ƙasa, har aka gane aka yi musu barazanar kora su duka. Ba ta so ta ja musu, ta je ofishin jami'a ta janye sunanta, ta shigo motar Si Ammar da kwali uku na littattafai. Bai karɓi kuɗin mota ba. Ka ga ba kai kaɗai yake wa alheri ba.

Don haka takardunka biyu babu su. Ba a ba da shaidar ɗalibta ga wadda ba ɗaliba ba. Ka kai ƙara wajen mai tabarau.

Duk da haka na ɗauki takardarka na koma wajen yarinyar ofishin, don ni ban iya fid da rai ba. Ta karanta ta ce, "Hajiya, da wannan ta zo a Oktoba!" Na ce, "To badi fa?" Ta sunkuyar da kai ta ce wanda ya bar shekara ta faɗi, maimaici ake lissafa shi, maimaici kuwa ba a ba shi tallafi. Na ce, "Ke nan me zan yi da ita?" Ta ce, "Ki ajiye, Hajiya." Na gode mata, ba ita ta yi mini ba.

Yanzu Widad tana aiki a wani kantin magani kusa da tasha. Tana tsaye a bayan kantar shagon daga safe zuwa magariba tana miƙa wa mutane magani, shaidar wani ce a rataye a bango. Mai kantin yakan tambaye ta abin da ya manta, ta faɗa masa, ya juya ya faɗa wa mai saye kamar daga kansa ya fito. Tana dawowa ta ci abinci ta kwanta. Kwalayen nan uku ba ta buɗe su ba. Na ce mata Nuri zai samu aiki, lalle zai yi kyau badi, za mu tara. Ta ce, "To, Inna," irin yadda ake amsa wa yaro. Da ta yi kuka da na fi samun sauƙi.

Na yi niyyar ƙona takardar taka kada ta gani. Amma sunanta ne a ciki, ba ni da ikon ɓoye mata. Na ba ta tare da wasiƙar. Ta zauna a bakin ƙofa ta karanta a fili, a hankali, kamar mai karanta takardar likita: "Ni Lazhar ɗan Sassi na shaida cewa Widad ba ta ƙarƙashin kulawata, kuma ban taɓa kashe ko milim ɗaya a kanta ba." Ba a nemi wannan magana ta ƙarshe ba, ku kuka ƙara ta don tsari. Ta karanta wasiƙar ita ma har ƙarshe. Ina jira ta ce wani abu in taya ta tsine maka, na tanadi kalmomi tun Oktoba. Ba ta ba ni dama ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da jakarta, ta ƙirgo tsaba daga albashinta na farko ta zuba mini a hannu.

Na ce, "Ke, kin haukace? Shi za ki biya?"

Ta ce, "A kai masa, Inna. In ya biya kuɗin tambarin nan, ya kashe wani abu a kaina ke nan, takardar ta zama ƙarya. Ba na so Baba ya yi rantsuwar ƙarya saboda ni."

Dinari ɗaya da rabi na cikin ambulan, na naɗe su a ƙyalle don kada su yage takarda. Ka ƙirga a gaban Si Ammar.

Mbarka